Taku Shida Cikin Duhu

A unguwar babu wanda ya damu da sunansa na yanka. Baba Dalili ake ce masa, kuma shi ya jawo wa kansa. Shekara arba'in da ɗoriya ya yi yana gyaran wutar lantarki, gida-gida, shago-shago, kuma duk inda aka kira shi aka ce wuta ta ɗauke haka kawai, sai ya ajiye jakarsa, ya dubi mai maganar ta saman tabarau ya ce, "Babu haka kawai. Akwai dalili." Daga nan ya taka tsani ya nemo dalilin. Wani lokaci ɓera ne ya ci waya, wani lokaci ruwa ne ya shiga soket, sau da yawa kuma maigidan ne ya jona dutsen guga da hita da firji a wuri ɗaya ya zauna yana jiran ikon Allah.

Gajere ne, mai saurin fushi, kuma testa, abin gwada wuta a waya, ba ta barin aljihun gaban rigarsa ko gidan biki za shi. A babban yatsansa na dama akwai tabon ƙuna da ya samu tun yana koyon aiki, ranar da wani ya rantse masa an kashe wutar gidan, shi kuma ya yarda. Tun daga ranar bai ƙara karɓar maganar mutum a kan waya ba. Da kansa yake zare fis, ya jefa a aljihunsa, ya gwada wayar sau biyu, sannan ya taɓa. Masu ɓare waya da haƙori da masu cusa ƙusa a madadin fis ba ya ko gaisawa da su. Ya taɓa tattara kayansa ya bar aiki a rabi don maigidan ya ce masa ya ɗan yi dabara kawai, ba sai an canza wayar ba. Mutane na cewa yana da taurin kai, kuma ba ƙarya suka yi masa ba, amma babu gidan da ya yi wa aiki da ya taɓa kamawa da wuta.

A hawa na uku na wani tsohon bene yake zaune shi da matarsa, shekara talatin. Gidan yana da wani lungu da ya taso daga falo ya miƙe zuwa ciki, babu taga ko ɗaya, da tsakar rana ma duhu ne a cikinsa. Taku goma sha ɗaya ne tsawonsa. A ƙarshensa ɗakin kwana na hannun dama, banɗaki na hagu, ɗan gaba kaɗan. Matar ta sha tsokanarsa da cewa duk benen nan babu gidan da ya kai na mai gyaran wuta duhu. Shi kuwa sai ya ce makunni na nan a bakin falo, wanda ke da hannu ya danna.

Sai ga shi hannun ya gagara. Ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama ta, ya tafi da hannunta na dama da rabin ƙarfin ƙafarta. Da aka sallamo ta daga asibiti, da wani ƙarfen dogarawa mai ƙafa huɗu take tafiya, hannun hagu riƙe da shi kam. Mace ce mai tsare girmanta, ta ce muddin tana numfashi babu mai raka ta banɗaki. Wata rana ya fito daga kicin ya same ta tsaye a tsakiyar lungun cikin duhu, ba ta gaba ba ta baya, kuma ba ta kira shi ba. Ya ce to a bar fitilar a kunne dare da rana. Ta ce a'a, hasken na shigo mata ido ta ƙofa, ƙofar kuma tun da ta kwanta ciwo ba ta iya barci in an rufe ta.

Washegari ya sayo makunnin nan mai ido, wanda ke kunna fitila da kansa in ya ga motsin mutum. A da in abokan sana'a suka kawo zancensa, cewa yake kayan malalata ne. Bai gaya wa kowa ya saya ba.

Ya zare fis ya sa a aljihu. Ya fasa bango a daidai taku na shida, inda idon zai hango ƙofar ɗaki da ta banɗaki. Tsohon wayarin gidan ba shi da waya ta uku da makunnin ke buƙata, sai da ya jawo ta daga wajen ƙwan fitila, yana zagin wanda ya yi aikin farko, alhali mutumin ya daɗe da rasuwa. Idon wata farar roba ce kamar rabin ƙwai, ɗumin jikin mutum take gani in yana tafiya. A ƙarƙashinta akwai 'yan maɓallai biyu da ake murɗawa da bakin sukundireba, ɗaya na kaifin gani, ɗaya na tsawon lokacin da fitila za ta yi kafin ta mutu. Ya sa minti ɗaya, ya mayar da fis, ya ce mata ta gwada.

Ta fito, fitila ta kama da wata 'yar ƙara, ƙas. Ta ja ƙarfen taku biyu, ta tsaya hutawa kamar yadda ta saba, ta daɗe ba ta motsa ba. Fitila ta mutu a kanta.

Muryarta ta fito daga cikin duhun. "Malam, abin nan naka ya ɗauka na mutu."

Bai yi dariya ba, ko da yake dariya ta so ya yi. Ya ciro agogonsa ya sa ta sake tafiyar, ya auna har da hutun, ya murɗa maɓallin ya kai minti uku. Saura matsala ɗaya. Idon na gani ta ɓangare biyu, duk gilmawar da ya yi a falo sai fitila ta kama ta tashe ta daga barcin rana. Ya yanko baƙin salatif ya rufe rabin idon da ke kallon falo, ya danne gefunan da farce. Daga ranar makunnin bai ƙara ganin kowa ba sai wanda ya wuce taku na shida. Shi in zai shiga, sai ya yi taku shida cikin duhu kafin a haska masa, kuma bai taɓa jin haushin hakan ba.

Shekara biyu suka yi a haka. Kullum ƙarfe huɗu da kwata na yamma take tashi daga barci. Yana zaune a falo da rediyonsa zai ji ƙas, haske ya zubo ƙasan falon ta bakin lungu, ya ji ƙarfen na taɓa ƙasa, ƙafar na biyo shi. Ya ɗaga murya ya ce, "Sannu." Ta ce, "Yauwa." Bayan minti uku haske ya ɗauke. A yi kamar minti goma, ƙas ta biyu, ta fito za ta koma ke nan. Wannan ta biyun ita ce ke tashinsa ya ɗora ruwan shayi.

Wata ranar Talata da safe ta rasu, a kan gadonta, ba tare da ta wahalar da kowa ba. Gida ya cika da masu ta'aziyya, sannan ya fara raguwa. A rana ta tara, Auta, 'yarsu ta ƙarshe wadda ita kaɗai ce ke aure a garin, ta wanke kwanuka, ta ninke ƙarfen dogarawar ta sa bayan ƙofa, ta koma gidan mijinta. Ya rage shi kaɗai a falo. Bai kunna rediyo ba.

Ƙarfe huɗu da kwata ya ji ƙas.

Hasken ya zubo ƙasan falo daidai inda ya saba zubowa. Ya zauna yana kallonsa har ya ɗauke. Bai san tsawon zaman da ya yi ba, sai ga ƙas ta biyu, kuma sai da ya kai ƙofar kicin ya miƙa hannu ga buta kafin ya tuna babu wanda zai kai wa shayin. Ya dafa bango ya ce a fili, "Akwai dalili."

Ya shiga nema. Ya zargi tsaka, ya bi bangon da tocila, bai ga ko kashinta ba. Ya cire labulen ɗakin kwana don kada iska ta kaɗa shi. Ya san irin waɗannan makunnai na kamawa da kansu in wuta ta yi ƙasa ta dawo, ya jona na'urar aunawa ya zauna yana kallon allurar, allura ba ta ko girgiza ba, fitila ta kama. Ya ce to rana ce ke dukan gilashin wani gida ta faɗo cikin ɗakin, ya toshe tagar da kwali. Aka wayi gari da hadari ma, rana ba ta fito ba sam. Ƙarfe huɗu da kwata fitila ta kama, ta mutu, ta sake kamawa bayan minti goma.

Abin da ya rage a lissafinsa shi ne bututun ruwan zafi na maƙwabta da ya bi ta cikin bangon banɗaki. Ya kira tsohon abokinsa mai gyaran famfo, wanda yake tsokana da suna Ɗigo, don a cewarsa bai taɓa gyara famfo ya daina ɗiga ba. Ɗigo ya hawo benen yana haki, ya ji bayani, ya yi dariya har da dukan cinya.

"Yau dai dalili ya ɓace wa Dalili. Bari in nemo maka shi."

Ya sauka ya rufe ruwan benen gaba ɗaya tun ƙarfe uku, ya bar maƙwabta na masifa. Ya dawo ya ɗora tafin hannu a bangon, ya ce sanyi ƙalau. Suka zauna a falo, agogo a kan tebur, Ɗigo na ba da labarin wata mata da ta jefa cokali a magudana. Yana tsakiyar labarin aka ji ƙas. Bai ƙarasa ba. Suka zauna suna kallon hasken har ya tafi, har ya dawo.

Ɗigo ya rage murya. "Da wannan lokacin take tashi?"

"Eh."

"Dalili, ka cire abin nan. Ko ka sa sabo. Wanda ya tafi ya tafi, kai ma ka sani. In kuma ba ita ba ce, to ka fi ni sanin ba abin zama da shi ba ne."

"Na sani."

"To?"

Baba Dalili ya dubi wajen lungun. Akwai sabon makunni a jakarsa, cikin kwalinsa, ya fi mako guda da saye. Ya san gwajin ƙarshe ke nan, kuma ya san aikin minti goma ne. Ɗigo ya tashi ya ce zai je ya buɗe wa mutane ruwa, kuma bai sake hawowa ba.

Gaskiyar magana, tsoro yake ji, kuma kunya yake ji. Mutum mai salla, mai shekara saba'in, wanda ya gama rayuwarsa yana yi wa masu cewa gidansu da aljanu dariya, ga shi yana duban agogo tun ƙarfe huɗu saura. Amma duk yinin, wannan kwatan awa ne kaɗai gidan ke komawa gida. Karo na farko a rayuwarsa ya ga matsala ya rufe jaka ya bar ta.

Sai ya faɗi. Da hantsi ne, ya ɗauko kwandon wanki, a taku na huɗu silifas ɗinsa ya naɗe, ya tafi gaba ɗaya. Goshi ya fashe, wuyan hannun dama ya gurɗe. Auta ta zo a guje daga kantin magani inda take aiki, ta kai shi aka ɗinke, aka ɗaure hannun. Da suka dawo ta tsaya a bakin lungun tana kaɗa hannu. Duhu bai motsa ba.

"Baba, ya lalace."

"Bai lalace ba."

"To me ya hana shi kamawa?"

Ta juyo, idonta ya kawo ruwa, amma muryarta ba ta rawa. Halinsa ta ɗauko kaf, shi ya sa ba su cika jituwa ba.

"Na rasa Umma, ba zan zo in tsince ka a lungu ba. Ɗaki na nan a gidana an share. Ranar Asabar zan dawo. In ka sa ƙafa fitilar nan ta kama, na bar ka. In ba ta kama ba, tare za mu tafi, kuma ba shawara nake kawowa ba. Ko in turo wanda zai duba?"

"Babu wanda zai taɓa mini waya."

"Kai ma ba za ka hau tsani da hannu ɗaya ba." Ta ɗauki jakar aikinsa da tsanin ta sauka da su.

Ai gyaran bai buƙaci jaka ba. Farce ɗaya ya isa. Da zarar ya ɓare salatif ɗin sai ido ya buɗe, fitila ta riƙa kamawa tun yana falo, Auta ta tafi da kwanciyar hankali. Amma ya san abin da zai biyo baya. In idon na ganin falo, duk juyawar da ya yi a kujera sai fitila ta kama, duk miƙa hannu ga kofi sai ta kama. Ƙarfe huɗu da kwata za ta zo ta wuce cikin sauran, bai san wacce ce tasa ba, wacce ce ba tasa ba. In kuma ya bar salatif ɗin, Asabar zai bar gidan, sabon ɗan haya ya zo ya ɓalle makunnin ya jefa a shara. Kwana uku ya yi yana juya maganar, bai ga mafita ba.

Ranar Juma'a da yamma ya yanke shawara. Ya shiga lungun yana lalube da hannun hagu, ya tsaya a taku na shida, ta ɓangaren da idon ba ya gani, ya nemo gefen salatif ɗin ya sa farce. Ya tsaya a nan bai ɓare ba. Ya manta da agogo.

Ƙas ɗin a daidai kunnensa ta yi.

Bai taɓa ganin abin daga kusa ba. Ga lungun nan fes, taku biyar a gabansa, babu kowa. Ƙofar ɗaki a buɗe, gado a gyare, tayil na ƙyalli. Babu ƙarar ƙarfe, babu iska. Bai motsa ko gashin ido ba, don ya san aikinsa, ya san ba shi aka gani ba. Ya tsaya yana kallon wurin da takan tsaya hutawa, rabin hanya tsakanin ƙofofin biyu.

Ya ce, "Sannu."

Babu amsa. Da minti uku suka cika duhu ya rufe shi. Ya janye farcensa, ya danne gefen da ya fara ɗagowa, ya koma falo da baya-baya. A wannan yammacin ya haɗa tufafinsa a ƙaramar jaka ya tura ƙarƙashin kujera.

Auta ta zo Asabar wajen ƙarfe goma sha ɗaya na safe. Ta gaishe shi, ta duba ɗinkin, ta ajiye jakarta, ta tsaya a bakin lungu ta harɗe hannu.

"Bismillah, Baba. Kuma ba da sauri ba, yadda ka saba tafiya."

Da ma dabarar da ta rage masa ke nan, ya yi dogon taku ya kai na bakwai kafin ta lura. Ga shi ta toshe masa ita. Ya gyara tabarau, ya sa ƙafar dama cikin duhun. Babu komai. Ya fara tunanin wa zai bar wa makullin. Ya ɗaga ta hagu ya ajiye.

Fitila ta kama.

Ya tsaya cak a taku na biyu. Makunnin na can gaba, baƙin salatif na kallonsa.

"Dawo, a sake," in ji Auta, don 'yar ubanta ce. Suka tsaya a falo minti uku har ta mutu. Ya sake shiga. Taku ɗaya, taku biyu, ƙas. Ta sa shi ya yi na uku, aka sake samun haka.

Ta sauke ajiyar zuciya, ta zauna a hannun kujera ta goge ido da gefen mayafi. "Ashe ka gyara. Da hannu ɗaya. Kai dai Baba ba ka jin magana." Ba ya mata ƙarya, saboda haka bai ce komai ba. Ta dafa masa abinci, ta jera magungunansa a tebur, ta ce za ta dawo masa da jakar aiki in hannu ya warke. Ya raka ta bakin matakala, ya tsaya har ya daina jin takunta.

Ya rufe ƙofa ya koma bakin lungun. Ya daɗe a tsaye. Sannan ya shiga, a taku na biyu aka haska masa, ya ƙarasa gaban makunnin ya kawo fuskarsa kusa. Salatif ɗin na nan daram, gefunansa a manne, da ƙurar shekara biyu a kansa. Ya shafa shi da yatsan nan mai tabo. Ta wannan ɓangaren ko wuta aka hura idon ba zai gani ba. Wanda ya kunna fitilar daga ƙofar ɗaki ya fito, kuma tsakanin takun Baba Dalili na farko da na biyu ya fito.

Ya dubi ƙofar. Tsoron na nan, bai tafi ko'ina ba, amma wani abu ya taso ya danne shi, irin faɗan da ya saba yi mata in ta saki ƙarfen don ta gyara ɗankwali.

"Ke kuma yaushe kika koyi sauri haka?" in ji shi. "Ki riƙa bi a hankali. Ba inda za ni."

Ya koma falo ya jawo ƙaramar jakar daga ƙarƙashin kujera, ya kai ta ɗaki ya mayar da tufafin inda suke. Bayan ya fito, fitilar ta ƙara minti uku a kunne, sannan ta mutu. Ya duba agogo, ya ga da sauran lokaci kafin ƙarfe huɗu, amma duk da haka ya je ya cika buta ya ajiye kusa da murhu.